Ɗan Lidona Mai Fuska Huɗu

Shafi na 9

Saura kaɗan in bar wannan shafin ban rubuta ba. Sau uku ina farawa ina gogewa. Masu cewa na yi shiru kwana biyar, ku yi haƙuri, lafiyata ƙalau. Kunya ce ta riƙe min yatsa.

Tun shafin farko nake gaya muku jarumata Masindi ba ta ɗaukar makami saboda babana. Haka ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Yau zan ba ku ɗayan rabin.

Ga wanda yanzu ya shigo: mu huɗu ne muke zama duk Asabar da yamma a gindin mangwaron gidan Sesi Azwi, muna wasan labari. Ita ce mai jan labari, ita ke faɗin abin da ya tare mana hanya. Mu ukun, ni da Khathu mai faci da Mulalo, kowa da jaruminsa a takarda, ɗan lido kuma shi ke yanke hukunci. Sesi Azwi ba ta ɗaukar sama da mutum uku. Ta ce in an kai huɗu, rana za ta faɗi wani bai jefa ba.

Kun tuna mun tsaya a kan gada, dodon ƙarfe ya tare mu.

To, ranar Asabar ɗin faɗan ya yi tsawo. Ramaano, jarumin Khathu mai gatari, ya sha duka har ransa ya rage kaɗan. Maganin Mulalo ya ƙare. Sai Sesi Azwi ta leƙa takardarta ta ce,

“Dodon nan na tangaɗi. Maki biyar na rai ya rage masa. Livhu, ke ce.”

Na ɗauki ɗan lidona. Kun san shi, ƙaramin nan mai tsini, mai fuska huɗu. Shi Sesi Azwi ta ba ni ranar da na fara zuwa, ta ce wannan ne na naushi.

Khathu ya dube shi, ya dube ni.

“Mashin yaƙin nan da muka samo yana rataye a bayan jakinmu,” ya ce. “Wata uku yana can.”

Na jefa.

Huɗu.

Iyakar abin da yake iya bayarwa ke nan. Mulalo ya yi ɗan tafi, sai ya tuna ya sauke hannu.

“Saura ɗaya,” in ji Sesi Azwi a hankali. “Yana tsaye. Yanzu shi ne zai kai duka.”

A fili ta jefa, kowa na gani, kamar yadda ta saba in abu ya kai wurin rai. Ɗan lidon ya gangara ya tsaya jikin kwanon gyaɗa. Khathu ya fi mu iya lissafi, shi ya fara gani.

Ramaano ya mutu a kan gadar. Shekara biyu da rabi Khathu na wasa da shi, tun kafin in zo.

Mulalo ya ƙarasa dodon da jifan dutse, amma ba wanda ya yi murna.

Khathu ya ninke takardar Ramaano gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi min sauƙi.

“Livhu, mashin nan nawa yake bayarwa?”

Na kalli takardata.

“Takwas,” ya ba kansa amsa. “Fuska takwas. Da shi kika jefa, da wataƙila mutumina na nan.”

“Wataƙila ka ce,” in ji Mulalo. “Ni fa na sha jefa mai takwas ya ba ni ɗaya. Har na taɓa sa shi a rana ko zai yi hankali.”

“Mulalo, ba yau ba.”

“To.”

Khathu ya juyo gare ni. “Ban raina babanki Vho-Nemaungani ba. Ya yi zamaninsa a filin damben musangwe, kakana ma na ba da labarin naushinsa. Amma can mutum da mutum ne, hannu da hannu, ga dattawa na tsaye. Nan dodon ƙarfe ne. Wa ke naushin ƙarfe?”

“Masindi,” na ce.

“Shekara guda tana naushi. Me ta kashe? Ɓera biyu da wani maye da ya riga ya faɗi.”

“Ta kama ɓarawon nan a kasuwa,” in ji Mulalo.

“Santsi ne ya kama shi.”

Sai ya dafa teburin ya dubi Sesi Azwi.

“Sesi, ni dai ga maganata. Zan yi sabon jarumi, amma ba zan sake sa shi a bayan wadda ta ƙi riƙe ko sanda ba. Ko Masindi ta ɗauki mashin nan, ko Livhu ta ba Thendo kujera. Wata shida yana jira, har ’ya’yan lidonsa ya saya.”

Thendo ɗan kawunsa ne, direban ƙaramar bas.

Kujerar nan, ’yan’uwa, ban san yadda zan faɗa muku ba. A bakin titi inda nake sayar da fiya da ayaba, sai in wuni ban ce komai ba in ban da farashi. A coci ina bayan kowa. Amma in na zauna a kujerar nan, Masindi ce ke magana, ni kuma sai in ji bakina ya buɗe. Ta taɓa yi wa sarki tsawa. Ni ko mai bas ban iya ce masa ya wuce inda zan sauka ba.

Sesi Azwi ta cire tabarau ta goge da gefen zaninta.

“Livhu, me zai hana? Ko na rana ɗaya. Ga katin mashin nan, ki karanta ki gani, yana da wasu abubuwa masu kyau.”

Ta miƙo min katin. Rubutun Turanci ne ƙanana, layi kusan goma.

Na riƙe shi. Na kalle shi kamar mai karatu. Na ajiye.

“Ba ta so,” na ce.

“Ba ta so ko ba kya so?” in ji Khathu.

Sesi Azwi ta daɗe tana kallona. Ma’aikaciyar jinya ce, ta saba gane wanda ke ɓoye inda ke masa ciwo.

“Ba ni takardarki in gani.”

Na dafe ta da tafin hannu.

“Livhuwani.”

In ta kira cikakken sunana, ba musu. Na tura mata.

Ku gane, al’adar teburinmu ita ce kowa ya gyara takardarsa a gida. Littafin dokoki ɗaya ne, yana zagayawa, mako guda a hannun kowa. In an hau sabon mataki, sai ka buɗe shafin jaruminka, ka goge tsoho ka rubuta sabo. Ba mai duba na wani. Sesi Azwi ta ce mu manya ne, ita ba malamar makaranta ba ce. Takardar Khathu har ta huje saboda guga. Ta Mulalo ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Tawa fes take.

Sesi Azwi ta juya ta gaba da baya.

“Mataki na bakwai,” ta karanta a sama. “Nan kin goge kin gyara. Amma sauran duk rubutuna ne. Na ranar farko.”

Ta jawo littafin ta buɗe wajen tsakiya, ta bi wani jeri da yatsa. Yatsan ya tsaya.

“Khathu, ka taɓa karanta shafin masu faɗa da hannu?”

“Me zan yi da shi? Ni mai gatari ne.”

“Ni ma rabona da shi tun ranar da na cika mata takarda.” Ta numfasa. “Naushi yana girma da mataki. A na uku ya kamata ta koma mai fuska shida. A na shida, mai takwas. Kuma tun na biyar naushi biyu take kaiwa a juyi ɗaya.”

Mulalo ya ƙirga da yatsu.

“Wato takwas sau biyu? Ai ta fi mashin ma.”

“Ta fi shi.”

Wani mangwaro ya faɗo a kan kwanon ɗakin girki, duk muka ji shi.

Khathu ya sa hannu a aljihun da takardar Ramaano take.

“Biyar ya rage wa dodon,” ya ce. “Da naushi biyu na takwas-takwas…”

Bai ƙarasa ba. Mulalo ya dubi Sesi Azwi.

“Sesi, ba za a sake jefawa ba? Ai kuskure ne.”

Khathu ne ya riga ta amsawa.

“A’a. Ɗan lido in ya faɗi ya faɗi. Ni na kawo dokar nan teburin nan, ba za a karya ta a kaina ba.” Sai ya juyo. “Abu ɗaya nake so in sani. Sau nawa littafin nan ya kwana a gidanku?”

“Sau goma sha biyu.”

“Me kike yi da shi?”

Na kalli ƙaramin ɗan lidon a gabana.

“Ina naɗe shi a ɗankwali kada ya yi ƙura. Ina kallon hotuna.”

“Hotuna.”

“A aji huɗu na tsaya, Khathu. Shekarar da Mma, mahaifiyata, ta kwanta ciwo. Yarenmu ina karantawa, ina rubutawa, kuna ganin saƙonnina. Turancin kasuwa ma ina ji. Amma na littafin nan, in na kai ƙarshen layi na manta farkonsa.”



“Mashin ma,” na ce, tunda na fara gara in gama. “Ran da aka same shi na so in ɗauka. Sai na ga katin. Na san in na karɓa za a ce in karanta abin da yake yi. Sai na ce Masindi ba ta taɓa makami, saboda Baba. Kowa ya ce kai, abin ya yi kyau. Ni ma sai na riƙe shi haka.”

Sesi Azwi ta ce, “Me ya sa ba ki gaya min ba, ƙanwata?”

“Kin ce mu manya ne.”

Ta rufe ido.

Khathu ya tashi. Ya tattara ’ya’yan lidonsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a ’yar jakarsu.

“Da kin ce min ba ki iya ba, da na karanta miki a kan taya,” ya ce. “Rashin iyawa bai kashe Ramaano ba. Shirun ne.”

Ya yi wa Sesi Azwi sallama yadda ya kamata, ya fita. Ko ƙofar bai buga ba.

Mulalo ya tura min kwanon gyaɗa. Sesi Azwi ta ɗora littafin a kan cinyata.

“Makonki ne,” ta ce. “Maganar kujera kuma sai Asabar. Ba ni kaɗai zan yanke ba.”

Na isa gida rana na shirin faɗuwa. Baba na zaune a kan kututture yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na haɗa hannu.

“Aa,” na gaishe shi.

“Ndaa,” ya amsa. “Yau ’yar damben tawa ta ci ko an ci ta?”

Kullum haka yake tambaya. Bai taɓa gane wasan ba, amma ya san akwai wata mai naushi da na yi da sunan kakata. Tun ina ƙarama, da yake mata ba sa zuwa fili, a tsakar gida yake nuna min yadda ake tsayuwa da yadda ake kare haɓa.

Na zauna a ƙasa na gaya masa duka. Har da yadda na fake da sunansa.

Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da fiƙe ƙotar.

“Kin san abin da ke tsai da faɗa a fili?”

“In mutum ya faɗi, ko ya ɗaga hannu, ko jini ya fito.”

“To. Akwai shekarar da na kara da wani Mmbengwa, na ƙetaren kogi. Naushinsa na biyu ya fasa min baki ta ciki. Na ji gishiri. Na san in dattawa suka gani an gama. Sai na rufe baki na dinga haɗiyewa.”

“Ka ci?”

“Na ci. Aka ɗaga ni sama. Na zaga bayan wata bishiya na tofar, ashe yana tsaye a wurin yana wanke fuska.” Ya hura ƙurar itacen. “Bai ce na yi masa ƙwace ba. Cewa ya yi, ka sa na yi ta dukan mutumin da faɗansa ya riga ya ƙare. Shekara guda bai amsa gaisuwata ba.”

“Sai ka yi yaya?”

“Da lokaci ya zagayo, na shiga fili na miƙa dunƙulena biyu, alamar neman karawa, na wuce kowa na tsaya a gabansa. Kafin ya tashi na buɗe masa bakina ya duba. Na ce yau duk abin da ya fito za ka gani.”

“Wa ya ci?”

“Shi. Ya yi min dukan da har yau in hadari ya haɗu ina tunawa.” Ya yi dariya. “Shi ya riƙe min akuya ranar da aka kai kayan aurena. Tashi ki duba tukunyar nan, tuwon zai kama.”

Washegari Lahadi. Khathu yakan buɗe wurin facinsa da sassafe kafin coci, saboda masu bas. Ban fita da tiren fiya ba. Na naɗe littafin a ɗankwali na goya shi a baya, na sa fensir a hannu ɗaya, kilina a ɗayan, na kama hanya.

Daga nesa na hango bas ɗin Thendo a gefen titi. Da na matso sai na gan shi zaune a kan taya, da sabuwar takarda a kan gwiwa, Khathu na tsaye a kansa yana nuna masa inda zai cika.

Ƙafata ta ce mu koma. Na tsaya jikin wani kwanon ruwan da ake gwada tayoyi, na ƙirga goma. Sai na tambayi kaina, da Masindi ce fa?

Na wuce Thendo. Na tsaya a gaban Khathu. Na miƙa dunƙulena biyu.

Ya kalle su. Ya kalli fuskata.

“Kin san ma’anar wannan kuwa?”

“Na sani.”

“Mata ba sa shiga fili.”

“Nan wurin faci ne.”

Thendo ya yi dariya. Khathu bai yi ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Na buɗe hannuwan, ya ga fensir da kilina. Na kwance littafin na ɗora a kan teburin aikinsa, kusa da gam.

“Ka karanta min shafina da ƙarfi, ka juya min shi da yarenmu. Sau ɗaya ya isa, ba na manta abin da na ji. Zan gyara takardata a gabanka. Ran Asabar ka kawo sabon jaruminka da duk makamin da kake so, har mashin ma ka ɗauka. Shi da Masindi, su biyu. In ta faɗi, kujera ta Thendo ce, ni da kaina zan goge masa ita.”

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a tsaye ba.

“In kuma nawa ya faɗi fa?” in ji Khathu.

“Sai ka daina cewa ɓera biyu.”

Thendo ya karkace hula. “Tsaya, ’yar’uwa. Mutumin da za ki kara da shi, shi za ki ba littafin ya karanta miki? In ya tsallake layi ya za ki sani?”

“Ba zai tsallake ba.”

“Don me?”

“Jiya an ba shi dama a sake jefawa. Ya bar Ramaano ya mutu.”

Khathu ya jawo tsumma ya goge hannunsa yatsa bayan yatsa, kamar yadda yake yi kafin ya taɓa littafin. Ya turo min akwatin lemo da ƙafa.

“Zauna. Ki fara goge huɗun nan, ina ganinsa raina na ɓaci.”

Na goge. Na rubuta takwas. Hannuna ya karkace, amma takwas ne.

Ya fara karantawa, layi ɗaya da Turanci, sannan ya juya min. Naushi biyu. Gudu fiye da na kowa. Faɗowa daga sama ba rauni. Ina rubutawa da yarenmu a gefen takardar, yana jira sai na gama kafin ya ci gaba. Wani mai babur ya tsaya da tayarsa a sace, Khathu ya ce masa ya zauna tukuna.

Ya juya shafi.

“Mataki na bakwai,” ya ce. “Idan abokin karawarta yana riƙe da makami, to tana iya…”

Ya tsaya.

Na ga idonsa ya koma farkon layin. Ya sake bi a hankali, leɓensa na motsi ba sauti. Ya kai ƙarshe, ya kuma komawa.

“Tana iya me?” na ce, fensir na sama.

Bai dube ni ba. Ya sosa ƙeya, ya juya wajen ɗan kawunsa.

“Thendo,” ya ce, “ajiye takardar nan tukuna. Ba lallai kujerar nan ta zama taka ba.”